Ƙullin da Ba a San Wa Ya Tsinko Ba

Makon jiya surukata ta kawo mini wani abu a cikin kwali, ta ce wai kasko ne. Na juya shi gaba da baya, ban ga inda ake zuba gawayi ba. Ta yi dariya ta jona shi a bango, ta ɗora ɗan turare a kan wani faranti da bai fi murfin kwalba ba, muka zauna muna jira. Ƙamshi dai ya fito, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma babu ƙas-ƙas ɗin garwashi, babu fifita, babu tokar da za a kwashe, babu hayaƙin nan da ke shiga zane ya kwana a ciki. Na sa mata albarka, don yarinya ce mai kirki, kuma gidan tsofaffin da nake zaune yanzu an hana kunna ko ashana a ɗaki. Da ta tafi na ajiye shi kusa da tsohon gwangwanina na ganye, na zauna ina kallonsu su biyun, sai waɗancan shekaru suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Ni a gidan hayaƙi na tashi. Kakata ta wajen uwa ba boka ba ce, wanda ya kira ta haka ma sai ya sha zagi, amma babu ganye ko saiwa a garinmu da ba ta san amfaninsa ba. Da asuba tsintsiya ake fara ji a tsakar gida, sai turmi, sai muryarta tana kiran a kawo mata wuta. Hura wutar nan aikina ne, ina fifita ina hawaye. Tazargade in yaro ya kwana da zazzaɓi, ƙaron hano in an yi baƙi da yawa sun watse, kajiji na cikin kayan sawa. Abin da na fi tunawa da shi tambayarta ce. Duk wanda ya miƙo mata ƙullin ganye, ko ɗan da ta haifa ne, sai ta riƙe shi a hannu ta ce, "Wa ya tsinko? A ina?" In aka soma inda-inda, sai ta miƙo mini ta ce in kai juji. Mu yara muna ganin fitinar tsufa ce kawai, har kwaikwayonta muke yi in ta ba da baya.

Aure ne ya kawo ni Manchester. Maigidana akanta ne, mutum mai son komai a kan layi, har takalmansa. Mun zauna a Whalley Range, a wani ƙaton gida da wani mai hali ya gina wa iyalinsa tun zamanin da, daga baya aka yayyanka shi gida-gida, mu muka samu na sama. A can na haifi 'yata ta fari, a can na haifi Auta, su biyu Allah ya ba ni. Shekarun da nake son ba da labari ba yarinya ba ce ni, har 'yata ta yi aure an kai ta Birmingham. Amma yanzu da sai na tsaya na yi shawara da gwiwata kafin in hau bene, na san wancan lokacin ƙuruciya ce. Ina hawa benen nan da buhun shinkafa a kafaɗa ina waya da ɗaya hannun.

Ranar Asabar ɗakina ne matattarar mata. Matan likitoci, matan injiniyoyi, da aminiyata ma'aikaciyar jinya, Kirista ce daga can wajen Filato, muna kiranta Maman 'Yan Biyu. Kowa ta shigo ta jefar da rigar sanyi a kan gado, a ɗora tukunya, Hausa ta ɓarke kamar an buɗe famfo. Kafin a kunna kasko sai mai tsawo a cikinmu ta hau kujera ta sa wa na'urar nan ta silin safa, mai ihu in ta ji hayaƙi. Kada wanda ya koya, yanzu na san ganganci ne. Duk wadda wani nata ya zo daga gida, da saƙo yake zuwa: kuka, daddawa, yaji, da ƙulle-ƙullen ganye a baƙar leda. Na ganyen ni ake kawo wa, don an san jikar wace ce ni. In riƙe ƙullin in yi tambayar kakata, su yi ta dariya. Wanda na gamsu da shi sai in sake ƙulle shi irin ƙullina, baki biyu da 'yar jela, in jefa a wani babban gwangwanin madara da nake ajiyewa a saman kabad. Kowa ya sani, abin da ya shiga gwangwanin nan ya riga ya ci jarrabawa, kuma ba mai taɓa shi sai ni. Yanzu mata a waya suke sayen turare, ya zo a mota daga wurin da ba su taɓa ji ba, kuma ba wanda ya damu.

Sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Mu ba a labarai muka gane ba, a unguwa muka gani. Ɗakin karatun da nake kai yara ya koma buɗewa rabin mako. Ofishin maigida aka rage mutane, waɗanda suka rage aka ɗora musu aikin waɗanda suka tafi, ya riƙa dawowa gida fuska a murtuke. Wurin da samari ke taruwa da yamma, inda Auta ya koyi dambe tun yana ɗan mitsitsi, wata rana muka tarar an garƙame shi da kwaɗo. Malamin da ke koya musu, wani baƙin mutum mai faɗa kamar me, wanda Auta ke jin tsoronsa fiye da ubansa, ya koma tuƙin mota. Kuɗin jami'a ya yi tashin gwauron zabo. A tsakiyar gari kuma sai muka fara ganin wani abu da ban taɓa gani ba: mutane tsaye a bakin shaguna sun sandare, wani ya sunkuya rabi ya tsaya a haka, ido buɗe amma ba kowa a ciki. Aka ce wani ganye ne suke busawa, ana sayar da shi a shago a fili, cikin 'yar jaka mai ƙyalƙyali kamar ta alewa. Nakan ja mayafina in wuce ina cewa Allah ya shiryi 'ya'yan mutane. Na mutane nake cewa, ban taɓa sa nawa a lissafi ba.

Maigida kuwa da ya gani a talabijin sai ya ajiye cokali ya ce, "Duk ɗan da ya shigo mini gida da kayan maye, ya nemi wani uban." Auta yana zaune a wurin, ya sunkuyar da kai yana juya abinci. Wanda ya san maigidana ya san ba ya magana biyu.

A lokacin Auta ya dawo gida daga jami'a, wai ya ɗauki hutun shekara. Yaron da in ya shigo sai bene ya amsa, ya koma tafiya kamar mai tsoron tada barci. Ya rame, wuyansa ya fito. Ya wuni a ɗaki, in na ƙwanƙwasa ya ce, "I'm fine, Mama, na gaji ne kawai." Na ce ko karatu ne, na ce ko wata yarinya ce ta juya masa baya, har na ce ko baki ne ya kama shi. Na nemi ganin likita aka ba mu lokaci mai nisa, da ranar ta zo ya ƙi zuwa. Na yi masa hayaƙi, na yi masa tofi, na dafa duk abin da yake so tun yana yaro. Ina ji ina gani ɗana yana zamewa daga hannuna, ban san sunan abin da ke jan sa ba. Tsoro na ji a watannin nan, irin wanda ba na iya faɗa wa ko matan Asabar.

Ana cikin haka 'yata ta haihu a Birmingham, mace. Yayar maigida, wadda duk muke kira Gwaggo, ita aka ɗauko daga gida don ta yi mata wankan jego. Tsohuwa ce gajera mai murya kamar ta maza, ita ta goyi maigidana, kuma ita kaɗai ce a duniya take ce masa Akawu ya amsa. Sanyi bai yi mata daɗi ba, abincin bai yi mata daɗi ba, tukunyar wankan ma ta ce ta wasan yara ce. Ta bugo mini waya ta ce, "In za ki zo suna ki taho mini da gwangwaninki, nan ba su da komai sai sabulu." Auta ya riga mu tafiya don ya taya mijin yayarsa jigilar kujeru. Ni kuwa da za mu fito na hau kujera na sauko da gwangwanin, na cusa shi cikin jakar zannuwa ban ko buɗe ba.

Gidan 'yata a Sparkhill yake, a wani layi da ke bayan Stratford Road, siriri mai ɗaki biyu a ƙasa da ɗan fili a baya. Ranar suna ya cika har bakin titi. Mutanen Manchester sun zo, na Balsall Heath sun zo, takalma a ƙofa kamar na masallacin Juma'a. Maza a falo, mata a ko'ina. Yarinya ta sha hannu, wannan ta ɗauka ta ce hancin uban ne, waccan ta karɓa ta ce ƙarya ne na kakar ne. Da la'asar ta yi, baƙi suka ragu, aka mai da mai jego da jaririya ɗakin sama. Gwaggo ta ce yarinyar da ta sha ido haka ba za ta kwana ba a turara ɗakin ba. Ina can ina raba abincin da za a tafi da shi, ta ce ina gwangwani, na nuna mata jaka da baki. Ta shiga kicin ta hura gawayi a kaskon ƙasa da ta zo da shi tun daga gida. Tabaraunta yana sama. Ta lalubo tazargade ta zuba, ta lalubo wani ƙullin mai baki biyu da 'yar jela, ta kwance ta ƙara a kai. Ba ta tambayi kowa komai ba, kuma ba laifinta ba ne, daga gwangwanina ya fito. Ta sunkuya ta hura da baki sosai don ya kama, ta naɗe hannu da tsumma ta ɗauka, ta nufi bene.

Warin ne ya fara zuwa mini. Ba na tazargade ba ne, wani abu ne mai ɗaci kamar an ƙona roba da ciyawa tare. Kafin in ɗago sai na ji an banko ƙofar baya. Auta ne, yana fili yana ninke kujeru, warin ya same shi ta taga. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ture ni, ya tsallake wata mata da ke sallah, ya cim ma Gwaggo ta kusa kaiwa ƙofar ɗakin mai jego.

"Gwaggo, no! Kar ki shiga da shi!"

"Kai, tafi can," in ji ta, "me namiji ya sani a nan?"

Bai tsaya gardama ba. Ya sa hannu biyu ya rungumo kaskon daga hannunta, ba tsumma ba komai, ƙasa ce da ta sha wuta. Ya juyo da shi a guje, garwashi na zubowa a kan yatsunsa, yana riƙe da numfashi, ya ratsa kicin ya fita ya kifa shi a tsakiyar fili ya bi da bokitin ruwa. Sai da ya ga hayaƙin ya mutu sannan ya durƙusa ya saki wata ƙara.

Muka rabu biyu, wasu kan Auta wasu kan Gwaggo. Ita ta zauna daɓas a kan bene, ta kama ƙarfe, ido a waje. Ta shaƙa da yawa lokacin da take hurawa. Ta ce bangon yana numfashi. Ta ce ga zane-zane nan suna tafiya irin na hular da ake ɗinka wa angwaye, kore da ja, suna shiga juna. Ta yi dariya, ta kira sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa ta ce ya matsa ya tare mata hanya, sai kuma ta fashe da kuka tana salati. Mijin 'yata likita ne, ya sa aka buɗe tagogi, ya zauna kusa da ita yana riƙe da hannunta yana duba agogo. Cikin ikon Allah ba a jima ba ta dawo, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce a ba ta ruwa. Jaririya kuwa tana ciki tana barcinta, ƙofa a rufe, ko tari ba ta yi ba.

Maman 'Yan Biyu ce ta ja Auta zuwa famfo. Mata suka taso da magunguna, mai cewa a fasa ƙwai, mai cewa man goge baki, mai cewa manja. Ta daka musu tsawa ta ce duk wadda ta matso sai ta mare ta, ta riƙe hannayensa a ƙarƙashin ruwan sanyi tana yi masa magana a hankali kamar ɗan goye. Tafukan sun yi fari sun tashi. Ni na tsaya a bakin ƙofa riƙe da ledar da Gwaggo ta yar. Ƙullin irin nawa ne sak, amma ba ni na ƙulla ba. Tun yana ƙarami yakan zauna kusa da ni yana kallon yadda nake yi. Ya san ubansa kan shiga ɗakinsa ya duba, ya kuma san ba mai taɓa gwangwanin Mama. Bai san na taho da shi ba sai da ya ji warin.

Abin dariya a ranar da ba ta dariya ba, kafin a gama naɗe masa hannu maza sun kafa mahawara a falo. An kai musu ɗan abin da ya rage a leda, aka ajiye a kan tebur kamar gawa, kowa na leƙawa. Mijin 'yata ya ce ganyen ba komai ba ne, ciyawa ce kawai, wani sinadari ake fesa mata da ake haɗawa a masana'antu can gabas mai nisa, irin wanda ke sandarar da mutane a titi. Wani injiniya mai son a san ya yi karatu ya ce a'a, wannan daban ne, ya ji asalinsa daga mutanen dazukan Kudancin Amurka ne, kakanninsu ke amfani da shi tun ba a san Bature ba. Wani saurayi daga bakin ƙofa ya ce ba haka ba ne, su waɗancan dafawa suke su sha, na busawar wani Bature ne a Ostireliya ya haɗa shi ba da daɗewa ba, har shi ya raɗa masa suna. Injiniya ya ce ai shi ma Baturen ana musun sa, wasu sun ce sun riga shi. Wani dattijo ya ce ku bar wahalar da kanku, duk wani abu mai sa mutum ya ga abin da babu, zaƙami ne aka sake wa riga, mu a gida muka san shi. Murya ta fara tashi, har an manta da yaron da ake magana a kansa. Mutanenmu ke nan, ko gobara ake sai an tsaya an gano wanda ya fara ƙirƙiro ashana.

Maigidana kuwa bai shiga gardamar ba. Yana zaune a kujerar kusurwa, ya haɗa yatsu, yana kallon ledar. Irin zaman nan nasa na fi tsoro.

Aka shigo da Auta, hannu biyu a naɗe, za a wuce da shi asibiti. Ban san lokacin da na ɗauki ledar na tsaya a gabansa ba, kuma ban shirya abin da zan ce ba, bakina ne ya faɗa da kansa.

"Wa ya tsinko? A ina?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya san tambayar, ya sha jin ta ranar Asabar.

"Ban sani ba, Mama."

"Wanda ya ba ka fa?"

"Shi ma bai sani ba. A jami'a wani friend ɗina ya fara ba ni, ya ce na tsofaffin daji ne, natural ne, yana wanke zuciya. Da na dawo sai na koma saye a shop. Yanzu kowa da abin da yake cewa. I don't even know me ke ciki." Sai hawaye. "Na so in daina, wallahi na so. Na kasa."

Maigida ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya ce da ni, ba da yaron ba, "Kin ji abin da na faɗa tun a gida. In an sallame shi daga asibiti, kada ya biyo mu Manchester."

Sai muka ji murya daga bene.

"Akawu."

Gwaggo ce, an riƙo ta tana saukowa, ɗankwali a karkace.

"Zo nan. Ka ce me?"

"Yaya, magana na riga na yi."

"Ka yi magana. To ni ma bari in yi tawa. Ni na ɗauki wutar nan zan kai wa jikarka. Da yaron nan ya yi shiru ya ci gaba da ninke kujerunsa, wa zai san nasa ne? Sai a ce tsohuwa ta rikice ta ƙona abin da ba ta sani ba, ko a ce matarka ce ta kawo. Ya san kana falo. Ya san abin da ka rantse. Ya zo ya ɗauka da hannunsa." Ta nuna naɗaɗɗun hannayen. "Dube su da kyau. Mutumin da ya lalace gaba ɗaya ba ya yin wannan. Akwai sauran ɗa a cikinsa, shi za ka kora?"

Maigida ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi yayarsa, ya dubi hannun, ya dubi silin inda ɗakin jaririyar yake. Bai ce ya janye ba, har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ce ya janye wata magana ba. Hannu kawai ya sa a aljihu ya ciro makullin mota, ya ce da surukinsa, "Bari, ni zan kai shi."

Ba a rana ɗaya aka warke ba, kada in yi muku daɗin baki. Hannun ya fi saurin warkewa a kan ɗaya ciwon. Wurin da ake taimaka wa masu son dainawa shi ma tsuke bakin aljihun ya taɓa shi, layi ne mai tsawo. Maman 'Yan Biyu ta yi ta bugun waya tana zuwa da ƙafarta har aka karɓe shi, kuma ranar da ba ta aiki ita ke kai shi ta zauna a mota ta jira. Ta ce mini a cocinsu ma suna sa shi a addu'a, na ce mun gode, duk muna so. An sha gumi da amai da rashin barci, an sha zagi daga bakin yaron da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya koma wa abin sau ɗaya, ya zo da kansa ya faɗa. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne makonnin farko, lokacin da ba ya iya riƙe ko cokali. Na kawo tuwo zan ba shi, maigida ya ce in ajiye. Ya wanke hannu, ya nannaɗe hannun riga, ya zauna a ƙasa gaban ƙaton saurayi yana yanko loma yana sa masa a baki. Ba mai kallon wani a cikinsu. In lokacin sallah ya yi ya ja shi bayi ya yi masa alwala. Mutumin da bai taɓa canza wa yaro ƙyalle ba ke nan. Nakan koma kicin in kunna famfo don kada su ji ni.

Daga baya an hana sayar da abin a shaguna, shagon da Auta ke zuwa ya koma wurin aski. Gardamar asalinsa kuwa ba ta mutu ba. Injiniyan nan da dattijon zaƙami sun yi shekaru suna tayar da ita a duk taron da suka haɗu, kowa ya je ya ƙaro hujja a waya ya dawo. Ni ban taɓa sanin mai gaskiya a cikinsu ba, kuma na daina son sani. Abin da na riƙe shi ne, abu ya ratso ƙasashe ya shigo har cikin gwangwanina, kuma duk cikin waɗanda suka miƙa shi hannu zuwa hannu ba wanda zai iya amsa tambayar da kakata ke yi a kan ganyen da aka tsinko a bayan gari. Gwaggo ta koma gida bayan arba'in, ta yi ta ba da labarin bangon da ya yi numfashi, kowace shekara bangon na ƙara girma, har Allah ya karɓi abarsa. Maigida ma ya tafi. Matan Asabar sun watse, wasu sun koma gida, wasu gwiwa ta zaunar da su kamar ni. Sai Maman 'Yan Biyu da ke zuwa har yanzu da sandarta, mu zauna mu yi gulmar 'yan zamani. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen nan, ina gode masa da tabaraun da aka manta a sama, har da wancan mugun warin ina gode masa.

Auta yanzu magidanci ne, matarsa ce ta kawo mini kaskon lantarkin. Shi ke koya wa yara dambe da yamma a wani ɗakin taro da suke haya, kuma an ce ya fi tsohon malaminsa faɗa. Jiya ya zo, ya ga kaskon matarsa a kan tebur, ya yi murmushi. Sai ya fito da 'yar ledar gawayi daga aljihun rigar sanyi, ya ce in sa mayafi mu sauka lambu, a can ba wanda ya hana. Tare yake da 'yar yayarsa, jaririyar ranar nan, ta zo hutu daga Birmingham, ta yi tsawo har ta fi ni. Ya hura wutar a tsohon kaskona, na kwance tazargade na zuba. Yana fifitawa yarinyar ta ƙura wa tafin hannunsa ido, inda fatar ta yi sulɓi ta tattare, ba layi ko ɗaya. Ta tambaye shi da Turancin nan nasu na hanci, wai me ya sami hannunsa, ta daɗe tana son tambaya.

Ya ce, "Kasko ne na ɗauka da zafi."

Ta ce to me ya sa bai saki ba.

Ya dube ni, ya ci gaba da fifita. Na kamo hannunta na ɗora a cikin nasa, na ce ta riƙe da kyau, don tana da kwana bakwai a duniya wannan hannun ya tare mata ƙofa.